Muhawara: Waƙoƙin biki na harsuna da yawa a dare guda, yaya ake haɗa su ba tare da an yi kwaɗo ba?

Baba Garba (mai kula da zaure):
Jama'a, barkanmu da warhaka. Ga batun wannan makon. Ƙungiyar mawaƙa ce ta mutum 30, maza da mata, akwai mai kibod ɗaya, mai jita ɗaya da makaɗa biyu. Suna so su yi wasan ƙarshen shekara na sa'a ɗaya da 'yan mintoci, da waƙoƙin gargajiya da na bukukuwa daga ƙasashe daban-daban, kowace da harshenta na asali. Saura musu mako goma. Harsuna nawa za su iya ɗauka, da me za su fara, kuma ina ne aka fi yin tuntuɓe? A yi magana da hujja, ban da gatse.

Malama Rifkatu:
Baba, ina wuni. Mako goma, a ce gwaji sau biyu a mako, sa'a biyu-biyu, zama ashirin ke nan. A cire uku na ƙarshe don bitar wasan daga farko har ƙarshe, saura 17. Waƙar da harshenta baƙo ne gaba ɗaya tana cin zama uku kafin ta zauna a baki. To lissafi ya nuna kansa: baƙin harsuna biyar, iyaka shida. Sauran waƙoƙin a cike da Hausa da harsunan da akwai masu jin su a cikin ƙungiyar, Yarabanci ne, Fulatanci ne, Larabci ne. Waƙa 12 zuwa 14 sun isa minti 65 har da gabatarwa. Masu tallar "harsuna ashirin a dare guda" yawanci baiti ɗaya-ɗaya suke taɓawa, shi ma da lafazin da mai harshen ba zai gane nasa ba ne.

Kuma ba da kari ake farawa ba. Da magana ake farawa. A samu mai harshen ya karanta baitocin sau biyu a waya, sau ɗaya yadda yake magana, sau ɗaya a hankali gaɓa-gaɓa. Mawaƙa su yi mako guda suna faɗa kawai, ba rerawa. Sannan su faɗa bisa bugun tafi. Kari shi ne na uku. In aka fara da kari, baki yana haddace kuskuren lafazi tare da daɗin waƙar, cire shi kuma sai an sha wuya.

Bitrus Mai Kibod:
Mama, ni ina ganin duk wannan wahala ba ta da dalili. Me ya hana a fassara su zuwa Hausa? Masu sauraro su ji ma'ana, mawaƙa su huta. Ai waƙoƙin da ke cikin littattafan coci haka aka yi da su, ana kuma rera su lafiya lau.

Malama Rifkatu:
Ana rera su, amma "lafiya lau" ɗin ne da magana. Hausa tana bambanta dogon wasali da gajere. Gari na zama da gari na tuwo, tsawon "a" ne kawai tsakaninsu. Karin Turawa ba ya san da wannan ba, sai ya ɗora doguwar murya a kan gajeriyar gaɓa, gari ya koma gari. Ga kuma hawa da saukar murya: kukan yaro sama-sama yake, kukar miya sama sai ƙasa. Mai fassara da ya san aikinsa sai ya auna kowace gaɓa kamar yadda marubutan waƙa suke auna karinsu, kuma wannan ya fi koyon baiti biyu na Sifaniyanci cin lokaci. Mafita mai sauƙi ita ce a rera baiti biyu da harshen asali, mai gabatarwa ya faɗi ma'anar da Hausa cikin daƙiƙa talatin kafin a fara.

Ɗan Damagaram:
Ina bayan Malama. In ƙara da abin da ke kayar da bakin Bahaushe musamman, domin kowane baki da inda yake zamewa. Mu ba ma son baƙaƙe biyu ko uku a jere ba wasali, sai mu cusa namu. Ku ɗauki sunan waƙar Kirsimetin nan ta Jamusanci, Stille Nacht. Gaɓa uku ce. A bakin wanda ba a gyara ba sai ta zama "si-ti-le na-ha-ti", gaɓa shida. Karin yana da gurbin uku ne kawai, to ina za a zuba sauran ukun? Sai a ga mawaƙa suna makara a kowane ɗango, shugaba yana zagin makaɗi, alhali laifin na wasalin da aka cusa ne.

Gyaransa: a raba tarin baƙaƙen, a jingina na farko a jikin numfashi. A ce "shshsh" a riƙe, sannan a saki "ti". A Jamusanci "st" na farkon kalma "sht" ake faɗa. Ita kuwa "ch" ta bayan "a", duk wanda ya yi makarantar allo yana da ita, harafin kha ne na Larabci. Sai "t" ɗin ƙarshe, a rufe shi a bushe, mutum talatin a bugu ɗaya. In ba a tsayar da bugun da za a rufe ba, za a ji t-t-t-t kamar ana soya gyaɗa.

Na biyu "p" da "f". A Sifaniyanci da Zulu kalmomi ne daban. Leɓe biyu su rufe ruf kafin iska ta fita. A sa kowa ya dubi bakin na kusa da shi, minti biyar a farkon kowane gwaji.

Ladi Jos:
Yaya, kada mu tsorata mutane, akwai inda Bahaushe ya fi Bature sauƙi nesa ba kusa ba. Harshen Jojiya da Amharik suna da baƙaƙen da ake matse maƙogwaro a tunkuɗo su, irin ƙ da ts namu. Ƙungiyoyin Turai suna daɗewa a kansu, mu kuwa an haife mu da su. "B" na Zulu in yana tsaye shi kaɗai kusan ɓ ne namu, wanda aka rubuta "bh" shi ne ya fi kusa da b. Wasulan Sifaniyanci biyar ne, a e i o u, kamar yadda muke rubuta namu. Har "rr" nasu muna da shi: shi ne r na barar almajiri, mai kaɗa bakin harshe. A kaɗa sau ɗaya ga "r", sau da yawa ga "rr". Kada dai a kawo r na baran gida, wanda ake lanƙwasa harshe baya, wannan ba nasu ba ne.

Tarkon Zulu yana cikin rubutu. "Ph" ba f ba ne, p ne mai fitar da iska, haka "th" da "kh". A riƙe takarda gaban baki, in ta motsa an yi daidai. "Hl" kuwa a sa harshe inda ake "l" a hura iska ta gefe. Sai ƙyas-ƙyas ɗin nan uku: "c" a bayan haƙoran gaba kamar mai nuna takaici, "x" ta gefen baki kamar mai kora doki, "q" a ganɗa kamar an buɗe kwalba. Shawarata ga masu mako goma, su zaɓi waƙar Zulu wadda ba ta da waɗannan ukun da yawa, domin yin su ɗaya-ɗaya ba wuya, haɗa su da wasali cikin sauri ne aikin.

Ɗan Damagaram:
Gaskiya ne. Na manta da ɗaya a Sifaniyanci: in kalma ta ƙare da wasali, ta gaba ta fara da wasali, haɗe su ake yi gaɓa ɗaya. "La estrella", wato tauraruwa, a waƙa gaɓa uku ce ba huɗu ba. Mu kuma duk kalmar da ta fara da wasali muna sa mata ɗan tsayawar maƙogwaro, irin na tsakiyar "sa'a". Wannan tsayawar ita ke yanka ɗangon. A ja baka da biro a ƙarƙashin duk inda wasula biyu suka haɗu.

Faransanci kuma a bar wa 'yan Nijar da Kamaru su ja gaba, wasulan hanci sun riga sun zauna musu.

Malam Habu Mai Mandiri:
Assalamu alaikum. Kun yi ta lafazi, bari in taɓo abin da ya fi lafazi nauyi. Ƙungiyar nan in haɗaka ce, Musulmi da Kirista, dole a tantance waƙoƙin kashi biyu tun ranar farko. Akwai waƙar biki, akwai waƙar ibada. Ta biki ita ce ta girbi, ta sabuwar shekara, ta aure, ta aiki, kowa zai iya. Ta ibada tana ɗauke da aƙida a cikin kalmominta, kuma don mutum bai ji harshen ba ba ya nufin bai faɗa ba. Saboda haka a ba kowane mawaƙi fassarar kalma da kalma kafin ya buɗe baki, ba taƙaitawa ba. Wanda ya ce wannan ba zai rera ba, kada a tambaye shi dalili. A tsara wasan yadda Kiristoci za su yi nasu na ibada, Musulmi su yi madahu, sauran a haɗu. In aka bar maganar sai mako na takwas, ranar da wani ya gano ma'anar abin da yake rerawa ƙungiya za ta rabe, ga muryoyi an riga an raba.

Madahu irin na Maulidi, ko daga Burda ta Busiri ko Ishiriniya ta Alfazazi, suna da masu sauraron da mandiri kaɗai za su lamunta, wasu ma ko shi a'a. Kada mai kibod ya shigo da ganguna na inji a kai. Kuma wurin da ake sayar da giya ba wurinsu ba ne.

Malama Rifkatu:
Allah ya gafarta Malam, wannan ita ce magana. Misali mai kyau shi ne Shchedryk ta Yukren. Duniya ta san karinta a matsayin waƙar ƙararrawar Kirsimeti, amma wannan kalmomin Turanci ne da Peter Wilhousky ya ɗora mata a 1936. Ta asali, wadda Mykola Leontovych ya tsara aka rera a Kiyef a 1916, waƙar sabuwar shekara ce: tsattsewa ta shigo gida tana yi wa maigida albishir da haihuwar tumaki da arziki. Babu aƙida a ciki. Ƙungiyar haɗaka za ta iya ta Yukren ɗin gaba ɗaya, ta Turancin kuwa sai an yi shawara.

Tunda na ambace ta, ga inda take kayar da mutane. Sautuka huɗu ne ake ta maimaitawa daga farko har kusan ƙarshe, a sol-fa do ti do la. Ba kiɗa, murya zalla. Duk dawowa zuwa "do" in aka gaza kai wa da ƙiris, bayan maimaici ashirin ƙungiya ta zame rabin mataki ƙasa, bes, wato masu murya mafi kauri, su rasa wurin sauka. Maganinsa a riƙa ɗaga "ti" sama-sama, kusa da "do" sosai. A gwaji mai kibod ya buga sautin farko, ya yi shiru, ya sake bugawa a ƙarshe, kowa ya ji da kunnensa nawa aka zame. Numfashi kuma karɓa-karɓa: a cikin sofrano (masu murya mafi sama) takwas, bibbiyu suke shaƙa a wurare daban, wanda ya fita ya dawo a hankali a tsakiyar wasali. Harafin farko na sunan "sh" da "c" ne a manne, sunan duka gaɓa biyu.

Bitrus Mai Kibod:
To na ji ta fassara, na janye rabi. Amma a kan kiɗa fa? Kibod ɗin zamani akwai salon kowace ƙasa a ciki. A danna, a wuce wurin.

Sarkin Kiɗa Ɗanjuma:
Ɗana, wannan dannawar ita ce ke mai da waƙa goma sha huɗu waƙa ɗaya. Yawancin salon da ake dannawa bugu huɗu ne daidai wa daida, waƙoƙin nan kuwa da yawansu ba a kan huɗu suke ba. Stille Nacht ɗin da aka ambata, Franz Gruber a kan shida ya yi ta, 6/8, murya biyu da jita, a Oberndorf ta Ostiriya a 1818. Lilo take yi kamar ana rarrashin jariri. Jita ɗaya ta ishe ta. Ku kuma lura da faɗinta, daga ƙasa zuwa ƙololuwa mataki goma sha ɗaya ne. In aka fara a ki, wato sautin tushe, na D kamar asali, ƙololuwar za ta kai G na sama, matan da ba su horu ba za su yi ƙara. A sauko B-flat, kowa ya isa.

Sai na ƙasashen Balkan da Turkiyya, masu ɗingishi. Bugu bakwai ko tara, ba a raba su daidai ba. Kada a ƙirga ɗaya zuwa bakwai, "huɗu" da "bakwai" kansu gaɓa biyu-biyu ne, lissafi zai rikice. Hausa ta riga ta ba mu ma'auni: gajeriyar gaɓa ɗaya, doguwa biyu. Ku ce "wake, gyaɗa". Wa biyu, ke biyu, gyaɗa uku: 2+2+3, shi ne racenitsa ta Bulgeriya. Ku juya, "gyaɗa, wake", 3+2+2, shi ne na yawancin waƙoƙin Masedoniya masu tafiya a hankali. Na tara na Turkiyya, 2+2+2+3, ku ce "shinkafa, tuwo". A sa ƙungiya ta yi ta faɗa tana takawa, minti goma, ƙafa za ta kama kafin kai. Kuskuren da ake yi kullum shi ne a ja ukun nan ya zama huɗu, bakwai ta koma takwas, ɗingishin ya warke, daɗin ya tafi.

Ladi Jos:
Baba, "shinkafa, tuwo" ta kashe ni da dariya, amma na gwada, ta zauna daram.

Sarkin Kiɗa Ɗanjuma:
Ai abin a bakinmu yake, 'yata. Na Latin Amurka kuma, irin cakarera ta Ajantina da Ariel Ramírez ya sa a cikin Misa Criolla a 1964, shida ne da uku suke tafiya tare: hannu ɗaya yana raba shidan biyu, ɗaya yana raba ta uku. Makaɗinmu ba baƙo ba ne a nan. Matsalarsa ɗaya, cika wuri. Gangarsu bombo tana da kauri da taushi, ana buga fata ana buga baki. A samu babbar ganga, a ɗaure ƙyalle a kan gula, a hana shi ado. Kalangu kuwa a ajiye shi sai waƙar Hausa da ta Yarabawa. Kalangu magana yake yi, in ka sa shi a ƙarƙashin waƙar Koriya, mutum biyu ne suke magana lokaci guda da harshe biyu.

Waƙoƙin Kirsimeti na Benezuwela da parang na Tirinidad da kwatro ake yin su, ƙaramar jita mai tsirkiya huɗu, A D F-sharp B. Ba sai an sayo ba. A ɗaura kafo, wato maƙalin da ke danne tsirkiyoyi, a gida na bakwai na jita, a buga tsirkiyoyi huɗu mafi siranta kawai, sautukan ke nan. Bambancin, a kwatro sautin tsirkiyar ƙarshe ƙasa yake ba sama ba, don haka na jita zai fi tsini kaɗan. Da caki biyu an gama.

Malam Habu Mai Mandiri:
Malam Bitrus, ga kuma abin da kibod ba zai ba ka ba sai ka roƙe shi. Karin Larabawa yana da sautukan da suke tsakanin farin maɓalli da baƙi. Maƙamu Rast in an fara daga C, E ɗinsa da B ɗinsa a sauke suke da rubu'in mataki. Bayati daga D, E ɗinsa haka. In kibod ɗin yana da wurin gyara sikeli, a rage E da 50, wato rubu'in matakin nan, a rage B da 50 ga Rast. In ba shi da shi, ka ɗauke hannu daga karin gaba ɗaya, ka riƙe sautin tushe da na biyar kawai a ƙasa, murya ta yi sauran. Almajirin da ya saba da ƙira'ar Misira yana da waɗannan sautukan a kunne, kibod ne zai ɓata masa. Kuma ba a raba wannan waƙa murya huɗu. Jagora ya ja, 'yan amshi su amsa da murya ɗaya. Da zarar an gama a mayar da sikelin yadda yake, in ba haka ba waƙar da ke biye za ta fito a karkace, mai kibod yana ta duban yatsunsa.

Bitrus Mai Kibod:
Na gode, Malam. A adana shi a maɓallin ajiya daban ke nan, kowace waƙa da lambarta. To Yarabanci fa? Nan kam alto da tena, muryoyin tsakiya, dole su shigo.

Ayo na Sabon Gari:
Su shigo, amma da sharaɗi. Yarabanci hawa uku gare shi: sama, tsaka, ƙasa. Kalmar da aka rubuta "igba" tana iya zama ƙwarya, ko lokaci, ko ɗari biyu, ko gauta, ya danganta da inda murya ta hau. In sofrano ta hau a gaɓar da alto ta sauka, su biyun kalmomi daban suke faɗa. Shi ya sa tsarin da ya dace shi ne muryoyin su tafi tare, in ɗaya ta hau duka su hau. Kada a ɗauko ƙa'idar littafin waƙar Turawa inda bes ke sauka in sofrano ta hau. A rubuta baitocin da alamominsu duka, ɗigon ƙasa da na sama. "E" mai ɗigo da marar ɗigo wasula biyu ne. "P" nasu "kp" ne, leɓe da bayan harshe suna rufewa tare, haka "gb". Bahaushe yakan mai da su "kw" da "gw", a kula.

Betelehemu, waƙar Kirsimeti ta Yarabanci, ita ce aka fi sani a waje. Ta fito ne ta hannun Babatunde Olatunji da Wendell Whalum a kwalejin Morehouse da ke Atlanta. Ganguna ne ƙashin bayanta, kuma a nan makaɗi yana da izinin sakin hannu. Amma ƙararrawa ta tsaya a kan bugunta, ita kowa yake bi, ba kibod ba.

Barista Hajara:
Tunda an kawo wannan, a yi hattara da kalmar "gargajiya". Kari yana iya zama na kowa, amma tsarin muryoyin da wani ya rubuta nasa ne. Dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya ta 2022 tana kare aikin kiɗa tsawon ran mai shi da shekara 70 bayan mutuwarsa. Leontovych ya rasu a 1921, nasa ya fita. Gruber tun tuni. Misa Criolla da tsarin Whalum ba su fita ba, hoton takardunsu talatin ba izini laifi ne. In za a sayar da tikiti ko a ɗora a YouTube, a tuntuɓi masu kula da haƙƙin mawaƙa, wato MCSN a Najeriya, ko BNDA a Nijar.

Kuma wasu da ake kira na gargajiya suna da mai su da suna. El Cóndor Pasa, Daniel Alomía Robles na Peru ne ya yi ta a 1913. Mbube, Solomon Linda ne ya ɗauke ta a faifai a Afirka ta Kudu a 1939, aka yi ta cin kuɗinta a duniya da wani suna, ya mutu a 1962 ba shi da komai, sai a 2006 aka sasanta da iyalinsa. Ko ba batun kuɗi, a rubuta a takardar shiri: sunan waƙa, harshe, al'ummar da ta fito, wanda ya yi, wanda ya tsara. "Waƙar Afirka" ba bayani ba ne.

Injiniya Sani:
Nawa na na'ura ne. Mutum 30 makirfo biyu masu ɗaukar nesa sun ishe su, uku in layin ya yi faɗi. A kafa su kamar mita ɗaya gaban layin farko, sama da kan mafi tsayi, suna kallon layin baya. Tazarar da ke tsakanin makirfo biyu ta ninka tazararsu da mawaƙa sau uku, in ba haka ba sautin zai yi kamar daga cikin bututu. Kada a mayar da muryar ƙungiya cikin lasifikar da ke kallonsu, nan kukan na'ura yake farawa. Kibod da jagora kawai za a sa musu. Amsa-kuwwa a rage ta sosai, domin duk wahalar da aka sha a kan baƙaƙe ita za ta fara shafewa.

Makaɗa su zauna kusa, a gefe, ba gaban makirfon ƙungiya ba. Sauti yana tafiyar kusan mita 343 a daƙiƙa, makaɗin da ke nesa da mita 17 bugunsa yana isowa a makare da kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa. A waƙa mai bugu bakwai wannan ya isa ya watsa ta. Ga hunturu: a Disamba fatar ganga tana ɗaurewa, sautinta ya hau, jita tana saki. A kawo kaya wurin sa'a biyu kafin a fara su saba da iskar, a sake saita jita bayan kowace waƙa uku. Mawaƙa ruwa mai ɗumi, ba na firji ba. Janareta a kai shi bayan gini, a ja waya.

Malama Rifkatu:
A kan jeri: a buɗe da wadda ƙungiya ta fi iyawa, mafi wuya ta zo ta uku ko ta huɗu tun murya da hankali suna nan. Kada baƙin harsuna biyu su biyo juna, a sa ta gida a tsakani, baki ya huta. Takardar hannu layi uku ga kowane ɗango: rubutun asali, lafazinsa da haruffan Hausa har da ƙ da ɓ da ts, sai ma'ana. Mutum ɗaya ne zai rubuta lafazin duka, in ba haka ba "c" ɗin wani "ch" ne, na wani "k". Daga mako na bakwai a ajiye takarda.

Sarkin Kiɗa Ɗanjuma:
Abu ɗaya ya rage da ban ji an taɓa ba, kuma shi ya fi damuna. Yawancin waƙoƙin bikin nan ba don dandamali aka yi su ba. Na yawo ne, gida-gida. Shchedryk daga irin waƙoƙin da matasan Yukren suke bi ƙofa-ƙofa da su daren sabuwar shekara ta fito, a yi wa maigida fatan alheri ya ba da tukwici. Alilo ta Jojiya haka, parang haka. A Habasha yara maza suna yi lokacin Buhe a watan Agusta, 'yan mata kuma a sabuwar shekararsu a Satumba. A ƙasashen Tekun Fasha yara suna yi a tsakiyar azumi. Wannan ai tashe ne. Duk wanda ya ga yara da gwangwani da gemun auduga a ƙofar gida bayan goma ga azumi ya san yadda abin yake: jagora ya ja, a amsa, a yi wa maigida kirari, a ɗan zolaye shi in ya yi rowa.

To in an jera mutum talatin sun ƙame, hannu a ƙirji, sun rera irin wannan kamar taken ƙasa, lafazi ko ya kai na mai harshen an rasa waƙar. Saurinta saurin tafiyar ƙafa ne. A raba ƙungiya, goma su shigo ta ƙofar baya suna rerawa, su tsaya gaban wani a layin farko a matsayin maigida, sauran su amsa daga dandamali. A koya wa masu sauraro amshi ɗaya gajere, kalma uku ko huɗu. Sannan a biyo da tashe namu nan take, mutane su ji da kunnensu cewa abu ɗaya ne.

Injiniya Sani:
Baba, in za su shigo ta baya suna rerawa, to ba makirfo a hannunsu, za su bi ta gaban manyan lasifika ne. Goma ɗin su zama masu ƙarfin murya, kiɗan kuma ya taho tare da su, caki ko ƙaramin mandiri, na dandamali su bi nasu bugun har su iso. A gwada shi a ainihin zauren ko sau ɗaya, a auna daƙiƙa nawa tafiyar take ci, don a san baiti nawa za a tanada.

Malam Habu Mai Mandiri:
Kuma a zaɓi tashen da kyau, Sarki. Wasu na zolayar gwauro ne, wasu na shaguɓe ga wata sana'a ko wata ƙabila. A unguwa kowa ya san wasa ne, a zaure mai baƙi daga wurare da yawa wani zai ɗauka da zafi. A ɗauki na fatan alheri ga maigida.

Baba Garba (mai kula da zaure):
Madalla. Malama Rifkatu, a taimaka da samfurin takardar nan mai layi uku. Ayo, kai za ka duba alamomin Yarabancin kafin a buga. Bitrus, ka turo jerin ki na kowace waƙa, Sarkin Kiɗa ya gani ko akwai wadda ta yi wa mata sama.

Bitrus Mai Kibod:
To Baba, zuwa jibi in Allah ya yarda. Ta Jamusancin na riga na sauke ta B-flat.